Fenti shi ne rigar mota

Bayan kaka, ko bayan an kwashe albasa, akwai masu tara kuɗi su sayi mota. Wani shi kaɗai yake saye. Wasu ƴan'uwa ne ko ƴan ƙungiya, sai su haɗa hannu don su sami abin kai kaya kasuwa da abin ɗaukar marar lafiya zuwa gidan likita. Sabuwar mota ta fi ƙarfin mutumin ƙauye. Kusan duk motar da ta shigo ƙauye ta hannu ce, wani ya riga ya more ta shekara da shekaru.

Mai saye yakan saurari kukan inji, ya duba tayu, ya tambayi takardu. Fenti kuwa kallo ɗaya yake yi masa. In yana ƙyalli sai ya ce mota ta yi. A nan ake cutar mutane da yawa. Jikin ƙaramar mota ƙarfe ne marar kauri, bai kai milimita 1 ba. Babban abin da ke tsare shi daga tsatsa shi ne fenti. Inji in ya mutu ana sa wani. Amma jikin da tsatsa ta cinye, wani lokaci gyaransa ya fi kuɗin motar.

Fenti hawa-hawa ne

A motocin yanzu, fentin da aka yi a masana'anta hawa 4 ne. Na ƙasa yana manne da ƙarfe, shi ne maganin tsatsa. A bisansa akwai na biyu, toka-toka ko fari, mai daidaita jiki. Masu aikin suna ce masa apare. Na uku shi ne launi: fari, ja, shuɗi. Na huɗu ba shi da launi, garau yake kamar ruwa. Shi ke ba mota ƙyalli, shi ke tare rana. Sunansa barni. Duka huɗun in an haɗa su ba su fi kaurin takardar littafi ɗaya ko biyu ba. Barnin kansa bai wuce rabin wannan ba.

Tsofaffin motoci, irin su Peugeot 404 da 504 da suka daɗe suna jigila tsakanin kasuwanni, yawancinsu ba su da barni. Launin da ƙyallin a haɗe suke. Har yanzu akwai fararen motocin aiki masu irin wannan fenti. Gane su ba wuya. A ɗiga man goge fenti a farin tsumma, a goga a wani lungu na jikin. In launin motar ya fito a tsumman, babu barni. In motar fara ce, a yi da baƙin tsumma.

Tsatsa tana bukatar abu uku: ƙarfe tsirara, ruwa da iska. Gishiri kuma yana ƙara mata sauri. Wannan ya shafi motocin hannu ƙwarai, don da yawansu daga Turai suke fitowa, daga ƙasashe kamar Beljika, Faransa da Jamus. A can lokacin sanyi ƙanƙara tana rufe hanya, sai a watsa gishiri don ta narke. Ruwan gishirin yana fantsama a ƙarƙashin mota shekara bayan shekara. Daga nan motar ta hau jirgin ruwa, ta sauka a bakin teku a Kwatano ko Lome, ta zauna tana jiran mai saye. Iskar teku ma gishiri gare ta. Saboda haka mota tana iya isowa Maraɗi ko Tawa da kyakkyawar fuska, cikinta kuwa tsatsa ta riga ta kama.

Dubawa kafin a biya

Kada a duba mota da magariba, ko a hasken lantarki, ko tana jiƙe. Ruwa yana ɓoye kwarzane, yana sa koɗaɗɗen fenti ya yi kamar sabo. A sa a wanke ta, a bar ta ta bushe, a fito da ita fili da hantsi. Dillali zai ce: «Alhaji, wannan ko ƙuda bai sauka a kanta ba.» A bar shi da maganarsa, a duba da ido da hannu.

A fara shafa jikin da yatsa. In yatsa ya yi maiƙo, an shafa mata gazuwal ko man inji don ta yi ƙyalli. Kwana biyu ƙyallin zai tafi, ƙura ta manne.

Sai a tsuguna a gaban motar daga gefe, a kalli tsawon jikinta yadda magini yake kallon katanga. Jikin da bai taɓa yin karo ba sumul yake. In an ga tudu da kwari, an buga wurin an cika. A gwada launin ƙofar gaba da na ƙofar baya, da na ƙarfen da ke bisa taya. In ɗaya ya fi ɗaya haske, ba rana ɗaya aka fesa su ba. A dubi tsagar da ke tsakanin ƙofa da jiki. Ya kamata faɗinta ya zama ɗaya daga sama har ƙasa, dama da hagu.

A masana'anta ana fesa fenti kafin a sa gilashi da roba da wayoyi. Saboda haka in an ga ɗigon fenti a kan robar gilashi, ko a gefen fitila, ko a kan wayoyin inji, an sake fentin daga baya. A buɗe kapo, wato murfin inji, a dubi kan ƙusoshin da ke riƙe da ƙarafan gefe. In fentinsu ya ɓare, an taɓa kwance su.

Akwai kuma dabarar mayen ƙarfe. Masu gyara suna cika wurin da ya lotsa da wani ƙulli mai bushewa, sunansa mastik. Bayan an fesa fenti ido ba ya ganinsa, amma mayen ƙarfe ba ya kama shi. A sami ɗan ƙarami, ba mai ƙarfi ƙwarai ba, a naɗe shi da ƙyalle don kada ya yi kwarzane, a bi jikin motar da shi. Inda ya kama da kyau ƙarfe ne. Inda ya saki, ko ya kama da ƙyar, mastik ne a ƙasa. Sai dai a tuna: abin kare gaba da na baya a motocin yanzu roba ne, wasu kapo kuma na alminiyom ne. Waɗannan dama ba sa kama mayen ƙarfe.

Bayan haka a sauka ƙasa, don can ne maganar take. A ɗaga shimfiɗar da ke ƙarƙashin ƙafar direba. A ciro tayar ko-ta-kwana a dubi raminta. A shafa gindin ƙofofi. A kwanta a leƙa shasi, wato ƙashin bayan mota, a ƙwanƙwasa shi da makulli. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara. Wanda tsatsa ta ci yana amsawa a daƙile, yana zubar da jan gari. In tsohuwar mota ce amma ƙasanta ya sha sabon baƙin shafi mai kauri, a tambayi dalili. In kuma an ga fenti ya yi bororo kamar ƙuna, tsatsa ce ke turowa daga ciki, kuma kullum ta fi abin da ido ya gani faɗi.

Lambar shasi tana buge a jikin ƙarfe. A yawancin motocin da aka ƙera daga 1981 zuwa yau, haruffa ne da lambobi 17. Mai saye ya karanta ta da kansa, ɗaya bayan ɗaya, ya gwada da wadda ke cikin takardar mota. In an ga walda ko sabon fenti kewaye da lambar, a janye hannu.

Sake fenti shi kaɗai ba laifi ba ne. Motar da ta shekara 15 ko 20 a hanya da wuya a ce ba a taɓa ta ba. Abin nema shi ne a san abin da aka rufe. Ƙofa ɗaya mai mastik dalilin rage kuɗi ce. Shasin da ya lanƙwashe ko ya ruɓe kuwa dalilin fasa ciniki ne, ko da an karya kuɗin. Araha ba ta ado, kuma rayukan mutane za ta ɗauka.

Wankan mota

Yawancin kwarzanen da ke jikin motocin ƙasar nan ba karo ne ya kawo su ba, tsumma ne. Da safe yaron mota yakan ɗauki busasshen tsumma ya share ƙurar hunturu. Ƙurar nan rairayi ne, kuma rairayi ya fi fenti tauri, har gilashi yana ci. Kowace sharewa guga ce. Bayan wata shida, in rana ta haska jikin sai a ga zane-zane kamar saƙar gizo.

A fara zuba ruwa ya kwashe ƙurar kafin hannu ya taɓa. Inda ruwa yake da wuya, gara a bar mota da ƙurarta har ranar wanka, a goge gilashi da fitilu kaɗai da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ranar wanka a tanadi bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraye tsumma. Duk sanda aka goge wani wuri, a ɗauraye tsumman kafin a mai da shi cikin sabulu. Ta haka rairayi yake zama a gindin bokiti na biyu. A fara daga rufi a gangaro. Tayu da gindin mota su ne na ƙarshe, kuma da nasu tsumman dabam. Tsumman da ya faɗi ƙasa kada ya koma jikin mota sai an wanke shi.

Omo na tufafi ne. Yana da kaifi, yana cire kakin da ke tsare fenti, yana dusashe shi. A nemi sabulun mota, in babu a yi da sabulun ruwa marar kaifi, kaɗan. Soson wanke tukunya kuwa kada ya kusanci mota.

A yi wanka a inuwa, da safe ko da marece. Da bazara zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa, ƙarfen baƙar mota a rana kuwa yakan kai 70. Ruwa yana bushewa nan take, ya bar fararen ɗigo. Rijiyoyi masu zartsi ko kanwa sun fi barin wannan tabo. Saboda haka da an gama ɗauraya a tsane jikin da tsumma mai tsabta. Da damana a riƙa watsa ruwa a ƙarƙashin mota da bayan tayu, don laka tana riƙe danshi. A gindin kowace ƙofa akwai ƴan ramukan fitar ruwa. In sun toshe a buɗe su da tsinke.

Bayan wanka, kamar sau ɗaya a wata uku, a shafa kakin mota. A shafa kaɗan, a bar shi ya yi hazo, a goge da ƙyalle mai taushi. In ruwa yana dunƙulewa a jikin kamar duwatsun wuya, kakin yana nan. In ya shimfiɗe, lokacin sakewa ya yi.

Abubuwan da ke cin fenti

Inuwar itace tana da daɗi amma tana da nata. Kashin tsuntsu da na jemage suna ƙone barni cikin kwana kaɗan in rana ta gasa su. Haka ƙaro da ƴaƴan dogon yaro. Kada a kankare su a bushe. A ɗora jiƙaƙƙen tsumma na ɗan lokaci, su yi taushi, a ɗauke. Rumfar zana ko ta kara ta fi gindin itace. Ta kuma fi tampol, don tampol a kan mota mai ƙura in iska tana kaɗa shi guga yake yi.

Man birki yana cire fenti cikin ɗan lokaci. Ruwan batir yana cin fenti da ƙarfe duka. In ɗayansu ya zuba a bi shi da ruwa mai yawa nan da nan. Kwaltar da ta manne ana narkar da ita da ɗan kananzir a tsumma, sannan a wanke wurin da sabulu.

Masu bashe, wato mota mai buɗaɗɗen baya, su suka fi shan wahala. Takin zamani, kanwa, gishirin Bilma da fitsarin dabbobi duka abincin tsatsa ne. Buhun taki ɗaya in ya fashe aka bar garin a lungu, raɓa ta sauka, aikin ya soma ke nan. A shimfiɗa leda ko katako kafin a yi lodi. Ran da aka dawo daga kasuwar dabbobi a wanke bayan motar a ranar.

Kowane rauni da maganinsa

Zurfin rauni shi ke nuna magani. A zuba ruwa a kan kwarzanen. In ya ɓace yana jiƙe, a barni kaɗai ya tsaya. A ja farce a kansa. In farce ya wuce bai maƙale ba, man goge fenti zai fid da shi. A sa man kaɗan a ƙyalle mai taushi, a goga a hankali a inuwa, a tsaya a duba. Amma a san abin da ake yi: guga ba ta cika kwarzane, barnin da ke kewaye take ragewa har su zo daidai. Barni kuwa ba shi da yawa. Wanda yake kai motarsa a goge ta da inji kowace salla, wata rana zai ga launi ya fito tsirara, musamman a kan kusurwoyi.

Tsohon fenti marar barni in ya koɗe yakan yi gari kamar alli. Wannan yana da sauƙi. Guga tana cire mataccen saman, launi ya dawo, a bi da kaki. Amma motar da barninta ya soma saɓa, rufi da kapo suka yi fari-fari kamar fatar maciji, babu man da zai mai da shi. Duk wanda ya ce yana da shi kuɗi yake so. Sai dai a goge wurin a sake fesawa.

In farce ya maƙale, ko an ga toka-toka ko ƙarfe a cikin raunin, dole a rufe shi, kuma kafin damana. Irin wannan ne tsakuwar hanyar jar ƙasa take yi a gaban mota. Ƙaramin tabo mai mota yana iya gyara shi da kansa. Lambar launin motar tana rubuce a wata ƴar takarda ko ɗan ƙarfe, a jikin ginshiƙin ƙofa ko a ƙarƙashin kapo. A kai lambar wurin masu haɗa fenti su haɗa ɗan kaɗan. A wanke wurin, a kankare tsatsar har ƙarfe ya yi fari, a ɗiga maganin tsatsa, a bari ya bushe. Sannan a ɗiga launi da tsinken ashana, kaɗan-kaɗan, sau biyu ko uku, ana bari yana bushewa tsakani. Zai nuna in an matso kusa. Ba kome, ruwa dai ba zai shiga ba.

Takardar guga mai yashi, wadda ake kira samfefa, tana da lamba a bayanta. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Lamba 80 zuwa 180 ta cire tsatsa ce da daidaita mastik. Lamba 320 zuwa 400 ta shirya wuri ce kafin fenti. Lamba 1500 zuwa 2000 da ruwa ake aiki da ita, a kan fentin da ya gama bushewa, kuma hannun da bai saba ba gara ya bar ta.

A wurin mai fenti

Inda tsatsa ta huda ƙarfe, aikin mai bugun jikin mota ne, wanda ake kira toliye. Magani ɗaya ne: a yanke ruɓaɓɓen wurin, a yi waldar sabon ƙarfe. Wasu sukan tura takarda ko raga a ramin, su lafta mastik, su fesa. Zai yi kyau ranar karɓa. Damana ɗaya ko biyu zai tsage ya faɗo, ramin kuwa ya ƙara faɗi. Mastik na daidaita ƙananan kwari ne bayan an buga ƙarfe ya dawo. Kada ya hau kan tsatsa, kada kaurinsa ya wuce kamar milimita 3.

Mai mota ya yi magana tun kafin a soma: «Malam, ina so in ga wurin bayan an kankare, kafin a sa mastik.» Mai aikin kirki ba zai ƙi ba. A yi jinga a fili: wurare nawa za a gyara, za a sa maganin tsatsa da apare ko a'a, fentin mai barni ne ko marar barni. A rubuta a takarda, kowa ya riƙe tasa. Yawan kuɗin aikin a shiri yake tafiya, fesawa kanta ba ta daɗewa. Fentin da aka gama a yini ɗaya, an tsallake wani abu.

Kada a fesa a fili ranar da hunturu yake busawa. Ana so ɗaki ko rumfa mai kariya, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, a yi aikin da sassafe.

Masu tura ɗiyansu koyon wannan sana'a su san haɗarinta. Fentin da ake haɗawa da ruwan taurarawa yana da guba mai kama huhu, yana jawo ciwon fuka wanda ba ya rabuwa da mutum. Ƙyalle a hanci ba ya tare shi. Ana bukatar abin rufe hanci da baki mai matatar da aka yi don fenti, da wuri mai iska. Wasu masu fenti suna shan madara bayan aiki, suna cewa tana wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, ba ta isa huhu. Garin tsohon fenti kuma yana iya ƙunsar dalma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yara, saboda haka kada ƙananan yara su yi wasa inda ake guga. Ruwan tsinka fenti, diliyan, yana kama wuta kamar esansi: ba taba, ba walda kusa da shi. Gwangwanin fenti kada ya koma gida a zuba ruwan sha ko mai ko fura.

Sabon fenti yana bushewa a sama cikin kwana ɗaya ko biyu, amma cikinsa yana daɗewa bai yi tauri ba. A makon farko a ajiye motar a rumfa, a nisanta ta da gindin itace. Wanka da ruwa zalla da ƙyalle mai taushi. Kaki kuwa a dakata da shi wata ɗaya zuwa uku, gwargwadon irin fentin da aka sa. Mai fentin ne zai faɗi lokacin.